Taki daga ruwan dauɗa: tambayoyin da manoman Sakkwato suka fi yi, da amsoshinsu

Duk wanda ya taɓa bin bayan gari a Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau, ya san irin wurin da nake nufi. Can gefen hanya, inda motar kwasar masai ta saba juye kayanta, ko inda wata kwata ta ƙare ta malale, sai ka ga kore shar kamar tsakiyar Agusta. Zaƙi-banza ya kai gwiwa, tumfafiya ta yi ganye fato-fato. Wari zai kore ka, amma idonka ya riga ya ga shaida: akwai abincin shuka a wurin. Shi muke zubarwa kullum, sannan idan damina ta kama mu ci bashi mu sayo kamfa da yuriya. Wannan abu yana ci mini rai, shi ya sa na tattara tambayoyin da ake yi mini a lambu da majalisa na amsa su a wuri ɗaya.

Me ake nufi da ruwan dauɗa, kuma me ke cikinsa da shuka ke so?

Ruwan dauɗa ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin bambanta shi ne tushen yawancin kuskuren da ake yi. Akwai ruwan wanka da wanki da wanke-wanke, wanda ke fita ta rariya ya taru a kwatami ko ya bi kwata. Akwai na bayan gida, mai sauka a masai ko sokawe. Akwai fitsari shi kaɗai, idan ba a bari ya gauraya da komai ba. Sai kuma ruwan sana'a: na mayanka, na majema, na marina, na kanikawa da masu wankin mota, na asibiti.

Abubuwa uku shuka ta fi nema, su ne haruffan nan da ke jikin buhun kamfa. N naitirojin ne, mai sa ganye ya yi kore ya yi faɗi. P fosfaras ne, mai taimakon saiwa da fure da ƙwaya. K fotashiyam ne, mai ƙarfafa kara da taimaka wa shuka ta jure ƙishi. Geron da muka ci daga ƙasa ya zuƙo su. Mutumin da ya gama girma ba ya ajiye su a jikinsa sai ɗan abin da ba a rasa ba, kusan duk abin da ya shiga sai ya fita. Ke nan duk motar da ta shigo birni da buhunan gero daga Gwadabawa ko albasa daga Wurno, ƙarfin gonakin can ta ɗauko, a nan kuma ƙarfin ya ƙare a cikin rami.

A cikinsu wanne ya fi amfani?

Fitsari. Mutane kan yi tsammanin bayan gida ne, don shi ya fi kama da kashin dabbobi da muka saba kaiwa gona. Amma kusan kashi 80 cikin 100 na naitirojin da jikin mutum ke fitarwa ta fitsari yake fita, haka kusan rabin fosfaras da fiye da rabin fotashiyam. Yawancin ƙwayoyin cuta kuwa a bayan gida suke. Wato amfanin ya taru a gefe ɗaya, haɗarin ya taru a ɗaya gefen, mu ne muke haɗa su a rami ɗaya mu ƙara musu ruwan buta, sai raba su ya zama aiki mai tsada.

Yuriyar da ke cikin buhu da wadda ke cikin fitsari sinadari ɗaya ne. Ta buhu a masana'anta ake haɗa ta da iskar gas, kamar a kamfanin Indorama da ke Eleme kusa da Fatakwal, da na Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022. Ta jiki kuwa hanta ce ke haɗa ta, ƙoda ta tace ta fitar.

Ga lissafin, don kada wani ya ruɗe ka da alkawarin banza. Babban mutum yakan fitar da kimanin lita 500 a shekara. Kowace lita tana ɗauke da giram 3 zuwa 7 na naitirojin, gwargwadon abin da mutum ke ci da yawan ruwan da yake sha. Mu ɗauki giram 5. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da kilo 23 na naitirojin, domin kashi 46 cikin 100 ne. Kafin ka tara kilo 23 sai ka sami lita 4,600, wato jarka 184 mai lita 25. Gida mai manya goma, idan ba a yi asarar ko ɗigo ba, zai tara daidai da buhu ɗaya a shekara, har da ƙarin fosfaras da fotashiyam waɗanda yuriyar buhu ba ta da su. Na mutum ɗaya yakan ishi fili mai murabba'in mita 300 zuwa 400 a noma guda. Ba zai riƙe gona mai hekta biyar ba. Amma lambun bayan gida, da fangulan alayyafo da yakuwa, da gonar mace da ba a cika kai mata taki ba, zai canza musu kama.

Yaya ake tarawa, kuma me ya sa sai an ajiye shi?

Jarkar roba mai murfi, da mazurari, shi ke nan kayan aikin farko. Wasu sukan saka ƙwallon roba ƙarami a bakin mazurarin: fitsari ya zo ya ɗaga shi ya wuce, ya koma ya toshe, wari ba ya fita. Mata sukan fi samun sauƙi da fo ko ɗan bokiti a makewayi, a juye a jarka nan take. Sharaɗin da ba a sassauta shi: kada ruwan tsarkin bayan gida ya shiga. Kada kuma a yi amfani da durom na ƙarfe, fitsari yana cinye shi.

Idan jarka ta cika, a ɗaure murfin tam, a rubuta kwanan wata a jikinta, a ajiye. Cikin 'yan kwanaki yuriyar za ta rikiɗe ta zama amoniya, sinadarin nan mai yaji a hanci. Shi ne warin, kuma shi ne maganin, domin shi da zafi suke kashe ƙwayoyin cuta. Idan murfi ya yi sako-sako amoniya ta gudu, ka yi asara biyu: takin ya yi rauni, cutar kuma ba ta mutu ba. Don haka jarkar da ta yi wari sosai ranar buɗewa ita ce mai kyau.

Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 sun ce fitsarin da aka tara daga mutane da yawa, kamar na makaranta ko tasha, a ajiye shi wata ɗaya idan abin da za a zuba wa sai an sarrafa shi kafin a ci, wata shida idan ɗanye za a ci. An yi wannan lissafi ne a kan zafi mai digiri 20. Mu nan bazara tana haura 40, saboda haka rana tana yi mana rabin aikin kyauta. Duk da haka ni shawarata kada a gajarta: wata biyu zuwa uku ga hatsi da kayan miya, wata shida ga latas da kabeji da karas. Wannan ajiya tana kashe ƙwan tsargiya ma, cutar fitsarin jini da ta yawaita a garuruwan da ke bakin ruwa kamar kewayen Goronyo da Wurno. Ƙwan ba ya daɗewa a rufaffiyar jarka, kuma sai ya isa ruwan da ke da dodon-koɗi sannan yake zama haɗari. Yaron da ya yi a jarka ya fi wanda ya yi a gulbi.

Yaya ake zuba wa shuka?

A nan na fara yin ɓarna. Shekarar da na soma gwadawa, na ɗauki jarka na kwarara wa irin albasa da bai wuce kwana ashirin ba, ban surka da ruwa ba, kuma da rana tsaka. Washegari bakin ganyen ya yi fari kamar an bi shi da wuta. Kwana uku fangali guda ya kwanta. Wani dattijo maƙwabcina a lambu ya zo ya tsuguna, ya murza ƙasar da yatsa, ya shinshina, ya ce, "Yaro, wanga taki na da zahi. Ko kashin kaji ba a ba ƙaramin iri hakanga." Na ce, "Baba, to yaya ya kamata in yi?" Ya ce in bari sai dashe ya kama ƙasa, in ja ɗan layi nesa da gindi kamar faɗin tafin hannu, in zuba a ciki, in rufe, in bi da ruwa. Bai taɓa aiki da fitsari ba, amma ya san taki mai zafi, kuma abin da ya faɗa shi ne daidai abin da masu bincike suke koyarwa.

A surka kashi ɗaya da ruwa kashi uku zuwa biyar ga kayan lambu. A zuba da sassafe ko da yamma, a ƙasa, ba a kan ganye ba, a rufe da ƙasa nan take don kada amoniya ta bi iska. Ga gero da dawa da masara, a zuba bayan an yi ruwan sama ƙasa tana da laima, a raba shi sau biyu: bayan noman farko, da kuma kafin shuka ta yi ciki. Wake da gyaɗa ba su da bukata sosai, su da kansu suke samar wa kansu naitirojin daga iska. A daina zubawa wata guda kafin girbi, ko da na gidanka ne.

Akwai gishiri a cikin fitsari, kuma albasa da karas ba sa jure gishiri kamar yadda tumatir da dawa suke jurewa. A lambun rani da ake ban-ruwa kaɗan-kaɗan, gishirin yana iya taruwa. Idan ka fara ganin fari-fari a gefen fangali, ka dakata, ka ba shi ruwa mai yawa ya wanke ƙasa.

Ba najasa ba ne? Ya halatta a ci abin da aka noma da shi?

Wannan tambaya ita ce ta farko a kowace majalisa, kuma ta cancanci girmamawa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, fitsari da bayan gidan ɗan Adam najasa ne, babu ja a kai. Amma hukuncin najasar daban, hukuncin abin da ya tsiro da ita daban. A Mukhtasar na Shehu Halilu, wanda ake karantarwa a zaurukan Sakkwato, an lissafa shukar da aka shayar da najasa a cikin abubuwa masu tsarki. Abin da ya taɓa bayan ganye ko ɗan itace shi ake wankewa. Malaman Hambaliyya sun fi tsanantawa a wannan mas'ala. A 1978 kuma majalisar manyan malaman Saudiyya ta ba da fatawa cewa gurɓataccen ruwan da aka tace har launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa suka koma yadda suke, ya zama mai tsarki.

Mu tuna kuma kashin jaki ma najasa ne a mazhabarmu, amma tun kaka da kakanni yana cikin takin juji da ake lodawa a mangala a kai gona. Abin da ya rage shi ne kiyaye jiki da tufafi: kayan aiki daban, takalmin roba, safar hannu, a wanke jiki kafin sallah. Batun saye da sayar da shi kuwa, mashhurin mazhaba hani ne, wasu malamai sun sassauta saboda bukatar manoma. Wanda zai mai da shi sana'a ya fara zuwa wurin malaminsa.

An taɓa gwada wannan a ƙasar Hausa, ko labarin Turai ne?

An gwada, kuma ba nesa ba. A yankin Agye da ke jihar Maraɗi ta Nijar, wajen 2008 zuwa 2009, an yi wani shiri da manoman ƙauyuka suka riƙa tara fitsari a jarkoki suna ajiyewa. Sunan da aka sa masa Takin Ruwa, na bayan gida da ya bushe ya ruɓe kuma Taki Busasshe. Sunan ya yi aiki ƙwarai, domin mutum ya fi sakin jiki ya ce zai kai takin ruwa gona. Daga baya, tsakanin 2014 da 2016, mata manoma na yankin Maraɗi tare da masu binciken aikin gona na Nijar suka gwada shi a ɗaruruwan gonakin gero, suna kiransa Oga. Sakamakon da aka buga ya nuna ƙarin amfani na kusan kashi 30 cikin 100. Ƙasarsu jigawa ce irin tamu, ruwan samansu bai fi namu ba, geronsu irin namu, addininsu namu. Daga Illela ka tsallaka Ƙonni, ka kama hanyar gabas, ka isa. Abin da ya yiwu a can ban ga abin da zai hana shi yiwuwa a Tangaza ko Gada ba.

To abin da ake kwasowa daga masai da sokawe fa?

Wannan ya fi nauyi, ya fi haɗari, amma shi ne mai gyara ƙasa. Ƙasarmu ta tudu yashi ce, ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe taki, abin da take ƙishirwa shi ne ruɓaɓɓen abu mai sa ta yi laushi ta yi duhu. Fitsari ba ya ba ta wannan, lakar masai tana bayarwa, har da fosfaras mai yawa.

Matsalar ita ce ƙwan tsutsar ciki. Yana da ɓawo mai tauri, yakan yi shekaru a ƙasa mai laima bai mutu ba. Hanya biyu ake bi a kashe shi: lokaci ko zafi. Ta lokaci ita ce masai mai rami biyu. Idan ɗaya ya cika a rufe shi da ƙasa a koma ɗayan, a bar shi shekara ɗaya zuwa biyu. Idan ana watsa toka bayan kowane shiga, ya fi saurin bushewa, ƙuda da wari suna raguwa. Ranar da aka buɗe, baƙar ƙasa za a tarar mai warwashi. A ƙauye ma akwai mai sauƙi: rami marar zurfi, idan ya cika a rufe a dasa zogale ko mangwaro a kai, ba wanda ya taɓa komai da hannu.

Ta zafi ita ce ta masu mota. A zuba lakar a wani fili da aka shimfiɗa wa tsakuwa da yashi, ruwan ya tsane ta ƙasa, rana ta busar da sauran. Da hunturu da bazara wannan ba ya ɗaukar lokaci a nan. Sai a gauraya busasshiyar lakar da buntun shinkafa, da ƙaiƙayi, da ragowar ganye da ɓawo na kasuwa, a tara tsibi, a yayyafa ruwa. Cikin tsibin zai yi zafi da kansa. Ana so ya haura digiri 50 ya daɗe a haka fiye da mako, ana juyawa don na gefe ma ya shiga tsakiya, sannan a bar shi ya nuna wata biyu zuwa uku. A Gana an mai da wannan masana'anta: a 2017 aka buɗe wata a yankin Tema mai yin taki mai suna Fortifer daga lakar masai da sharar kasuwa, ana dunƙula shi ƙwaya-ƙwaya a zuba a buhu.

Ai wasu suna ban-ruwa da ruwan kwata kai tsaye, kuma kayansu suna kyau. Me ya sa ba za a yi haka ba?

Kayan suna kyau, gaskiya ne, kuma ba na zargin mai lambun da ba shi da kuɗin fetur na injin ban-ruwa. Amma ruwan kwatar birni ba ruwan wanka kaɗai ba ne. Akwai gidajen da suka haɗa masansu da ita, akwai ledojin bayan gida da ake jefawa. Amai da gudawa, taifod, atuni, ciwon hanta mai sa shawara, duk ta nan suke bi. Latas da aka yayyafa wa wannan ruwa da safe, da yamma yana kan faranti da ƙuli-ƙuli, ba wuta tsakani. Manomin kansa da 'ya'yansa da ke shiga ruwan ba takalmi su ne na farkon kamuwa.

Wanda ba shi da wani ruwan, ga abin da zai rage haɗari. Ya haƙa rami biyu ko uku a jere, ruwan ya kwana ya kwanta kafin a ɗiba, kuma kada a tayar da lakar ƙasa, can ƙwan tsutsa yake taruwa. Ya bi da ruwan ta kwari tsakanin kunya, ba ta kan ganye ba. Ya zaɓi abin da ake dafawa ko mai tsayi, kamar kuɓewa da masara, ko itatuwa da ciyawar dabbobi. Ya daina ba da wannan ruwa kwanaki kafin tsinka, ya wanke kayan da ruwa mai tsabta.

Akwai ruwan da ba a taɓawa sam?

Akwai. Ƙwayar cuta lokaci da zafi suna kashe ta, amma ƙarfe mai guba ba ya mutuwa. Ruwan masana'antar jima ta zamani yana ɗauke da sinadarin kuromiyam, kuma mutanen Kano sun ga abin da ruwan masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai ya yi wa kogunansu. Jimar gargajiya ta bagaruwa da toka ba ta da wannan, sai dai gishiri da kaifi sun yi mata yawa. Rini na zamani mai soda, baƙin mai na kanikawa, ruwan masu gyaran batir mai gubar dalma, da ruwan asibiti, duk a nisanta su daga gona. Mun san abin da dalma take yi wa yara tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Idan ta shiga ƙasar lambu ta zauna ke nan.

Magungunan da mutane ke sha ba sa bin fitsari su shiga abinci?

Ragowarsu tana fita ta fitsari, amma kaɗan ce ƙwarai, kuma ƙasa mai rai ta fi ruwan gulbi iya narkar da ita. Kashin dabbobin da ake ɗura wa magani ma yana ɗauke da irinta. Na gida ba abin tsoro ba ne, na asibiti kuwa a bar shi.

Ruwan wanka da na alwala da na tafkin kifi fa?

Na wanka da alwala takinsa kaɗan ne, darajarsa ruwan ne. A ja shi ta rami mai tsakuwa da gawayi zuwa gindin ayaba, gwanda, zogale ko dogon-yaro, maimakon ya kwanta a lungu ya tara sauro. Masallacin Juma'a guda yana zubar da abin da zai raya itatuwa masu yawa. Ruwan wanki mai omo da bilic da yawa yana ɓata ƙasa idan aka dimanci wuri ɗaya da shi.

Ruwan da masu kiwon tarwaɗa ke sauyawa kuwa taki ne sosai, cike da kashin kifi da ragowar abinci, kuma haɗarinsa kaɗan ne. Ina jin takaici in ga ana sakinsa a titi alhali fangalin alayyafo yana bayan katanga. Na mayanka, wato jini da abin da ake zazzagewa daga tumbi, ya fi dacewa da rumbun haɗa gas: a sami wutar girki, ruwan da ya rage a kai gona, domin sinadaran taki ba sa bin gas ɗin.

Yaya ake yi a ƙasashen da suka ci gaba?

Su duk ruwan gari ta bututu yake tafiya zuwa matatar gwamnati, don haka daga can suke cirowa. Hanyar da ta fi shahara ta samo asali ne daga matsala: wani farin dutse yakan taru ya toshe musu bututu. Da aka duba sai aka ga maganiziyam ne da amoniya da fosfaras suka haɗu suka daskare, ana kiransa suturubait. Sai aka koma yin sa da gangan a cikin tanki: a ƙara maganiziyam, ƙwayoyin su taru su faɗo, a tace a busar. Kamfanin Ostara da aka kafa a Kanada yana sayar da shi da sunan Crystal Green. Ba ya wari, kuma a hankali yake narkewa. A Nepal an gwada yin sa da hannu daga fitsari, da durom da matacin yadi. Sai dai fosfaras yake kamawa, yawancin naitirojin yana nan a ruwan da ya rage. A Suwizalan kuma akwai takin ruwa mai suna Aurin da ake yi daga fitsari, wanda hukuma ta amince a zuba wa kayan abinci tun 2018.

Dalilin wannan himma shi ne fosfaras ba a ƙera shi, haƙo shi ake yi, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na ajiyar dutsensa a duniya yana hannun Maroko. Shirin takin shugaban ƙasa da aka fara a Najeriya a ƙarshen 2016 ma da fosfat na Maroko aka gina shi. Jamus ta kafa doka a 2017 da ta wajabta wa manyan matatun ruwanta ciro fosfaras daga laka, farawa daga 2029. Mu ma Allah ya ba mu dutsen fosfat a yankin Dange da Shuni, sai dai ɗanyensa ba ya narkewa da sauri a ƙasa. Wanda ke cikin fitsari kuwa a narke yake, saiwa tana sha nan take.

Zan iya daina sayen takin zamani ke nan?

Mai ƙaramin lambu zai iya rage shi sosai. Mai babbar gona ba zai iya ba, lissafin jarka 184 ya riga ya nuna haka, kuma ɗaukar ruwa zuwa gona mai nisa wahala ce. Abin da ya fi shi ne haɗawa: takin gida ko na tsibi a lokacin sharar gona don ƙasa ta riƙe ruwa, takin ruwa a maimakon wani kaso na yuriya, kamfa daidai ƙarfin aljihu. Waɗanda suka ga yadda farashin buhu ya tashi a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren sun san darajar abin da ba sai jirgin ruwa ya kawo ba.

Birni kamar Sakkwato me ya kamata ya yi?

Yawancin gidajenmu masai ne da sokawe, ba bututun gari ba, saboda haka kwaikwayon matatun Turai masu cin wutar lantarki dare da rana ba namu ba ne. Abin da muke da shi rana ce da fili. Tafkuna a jere sun dace da mu: na farko mai zurfi inda laka ke kwantawa, na biyu mai faɗi inda gansakuka da rana ke aiki, na ƙarshe marar zurfi inda sauran ƙwayoyin cuta ke mutuwa. Bayan makonni uku zuwa huɗu ruwan ya fito da takinsa a ciki, ya isa a ba gonakin rani. Kafin wannan ma, bukata ta farko ita ce a ware wa motocin kwasar masai wuri sananne mai filin shanya, kusa yadda direba ba zai ga gara ya juye a kwazazzabo ba. Abin da aka juye a kwazazzabo ruwan sama na farko zai kai shi gulbin Rima, ya cika shi da kainuwa da gansakuka, wani kuma ya tsiyaya cikin rijiyoyi. Shi ya sa ake so masai da wurin tara laka su yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya. Makarantun kwana, tashoshin mota da manyan kasuwanni su ne wuraren da makewayi mai raba fitsari zai cika tanki cikin kwanaki, kuma manoman Kwalkwalawa da Kware ba su da nisa.

Ina so in gwada a wannan ranin. Daga ina zan fara?

Fara da magana da mutanen gida, musamman uwargida, domin ita ce mai kula da makewayi, idan ba ta yarda ba jarkar ba za ta cika ba. Nemi jarka uku ko huɗu. Ta farko ta cika ka rubuta kwanan wata ka ajiye ta a rana, inda yara ba sa kaiwa. Bayan wata biyu ka ware fangali uku masu girma ɗaya, iri ɗaya, dashen rana ɗaya, alayyafo ko masara sun fi saurin nuna bambanci. Na farko kada ka ba shi komai, na biyu ka ba shi yuriya yadda ka saba, na uku takin ruwa, kashi ɗaya da ruwa kashi huɗu, sau ɗaya a mako, a layi a rufe. Kafa tsinke a kowanne don kada ka rikice. Ranar yanka ka auna na kowane fangali da kwando ɗaya, ka kira maƙwabcinka na lambu ya tsaya a yi awon a gabansa.